Baƙon Dokta

Kakana na wajen uwa bai taɓa ajiye kofi da danshi ba. In ya sha ruwa sai ya ɗauraye kofin, ya goge ciki da waje, ya ɗaga shi wajen haske ya kanne ido ɗaya yana dubawa, sannan ya kife. Iya, matarsa, ta ce shekara hamsin tana wanke-wanke a gidan nan, babu ranar da bai bi bayanta da tsumma ba.

"Miji aka ba ni ko sufeto?" takan ce.

"Kwano bai wanku ba sai ya bushe," shi ne amsarsa, ko da yaushe, ba ya ƙarawa ba ya ragewa.

Shekara talatin da huɗu ya yi a sashen kemistiri na jami'a. Shi ba malami ba, shi ba ɗalibi ba. Shi ne mai wanke kwalaben ɗakin gwaji. Tun gashinsa na baƙi ɗalibai suka sa masa Baba Tsaf, domin duk wanda ya tambaye shi ko an wanke kaza, kalma ɗaya yake faɗi: "Tsaf." Sunan ya bi shi har gida, har maƙwabta ba su san shi da wani ba.

Karatunsa bai wuce aji huɗu ba, amma ya san ɗakin nan kamar tafin hannunsa. Dogayen tebura uku masu baƙin sama, duk asid ya zana musu tabo. Famfo shida masu lanƙwasasshen wuya. Allon katako a bango mai ƙusoshi, inda yake kife bututan gwaji su tsane. Burushinsa goma sha ɗaya, a jere daga mai kaurin hannu zuwa mai sirantar tsinke. Yakan gane abin da aka zuba a kwalba da wari tun kafin ya duba takardar jikinta. Fatar hannunsa ta tsattsage, farcensa ya koma rawaya, kuma haka suka zauna har ya bar duniya.

Ɗakin yana da wata ƙa'ida da ba a rubuta ko'ina ba. Duk malamin da ya bar abu cikin ɗan farin kaskon tangaran a kan tebur ya tafi, busar da abin yake so. Aikin Kaka ne ya ɗauka in an tashi, ya sa shi cikin desiketa. Desiketa wata tukunyar gilashi ce mai kauri, da murfi mai nauyi wanda ake shafa wa mai a baki, ba a ɗaga shi, sai dai a zame shi gefe. A ƙasanta ana zuba wani gari mai shanye danshi. Abin da ya kwana biyu a ciki, ko ɗigon ruwa ba ya saura a jikinsa. Malamai nawa suka zo suka wuce, babu wanda ya taɓa cewa da shi "ka sa" ko "kar ka sa". Farin kasko shi ne maganar.

Kaka yana da shekara talatin da wani abu aka kawo sabon malami, matashi, wanda ya dawo daga karatu a waje. Siriri ne, mai saurin tafiya, kullum rigarsa ta aiki a buɗe tana kaɗawa a bayansa. Kowa Dokta yake ce masa. Shi ne malami na farko da ya riga Kaka gaisuwa, kuma daga ranar farko ya sa masa Yallaɓai.

"Ni ne Yallaɓai?" in ji Kaka. "Da soso a hannu?"

"In ka yi fushi kwana ɗaya ɗakin nan ya tsaya cik. In na yi fushi wata guda babu mai lura. To wane ne Yallaɓai?"

Dokta yana da wata 'yar kwalba da yake kullewa a kabad ɗinsa. Wata rana ya fito da ita ya ɗaga ta gaban Kaka.

"Yallaɓai, me ka gani?"

"Ruwa."

"Baƙo ne."

Ya jingina da tebur ya yi masa bayani. Akwai wata iska, in ji shi, 'yar kaɗan ce ƙwarai cikin iskar da muke shaƙa, sunanta zenon. Waɗanda suka gano ta sun ɗauko sunan ne daga wani tsohon harshe, ma'anarsa baƙo. Fiye da shekara sittin masana suna rantsuwa cewa ba ta haɗuwa da komai, irin mutumin da zai shekara ashirin a unguwa ba a taɓa ganinsa ƙofar gidan kowa ba. Daga baya aka samu dabarar tilasta mata ta haɗu da wata iska mai zafin rai, fulorin. In kuma aka sa wannan haɗin a ruwa, sai ta saki fulorin ta kama oksijin. Abin da ke cikin kwalbar ke nan: zenon riƙe da oksijin, zaune cikin ruwa.

"Amma zaman haƙuri yake yi," in ji Dokta. "Kullum idonsa na kan ƙofa."

"To ku sallame shi mana. Baƙon da ba ya son zama ai rakiya ake masa."

Dokta ya yi dariya har da dukan tebur. Ya ce amfaninsa ke nan. In aka sa shi aiki yana yi da ƙarfi, in ya gama sai ya koma iska ya yi tafiyarsa, ba ya barin datti ko ƙwaya ɗaya cikin kwalba.

"Ba ya barin datti?" Kaka ya sake duban kwalbar, yanzu da girmamawa. "Ashe ɗan gidanmu ne."

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Kaka a rai. Duk kayan da Dokta ya yi aikin baƙo da su, shi yake wanke abinsa da kansa, da ruwa mai yawa, nan take. "Waɗannan ka bar min su," ya ce, bai faɗi dalili ba. Kaka bai tambaya ba, amma ya gaya wa Iya a gida cewa yaron nan yana da kirki, sai dai bai yarda da wankinsa ba. Wata bakwai yana kallon wani yana wanke kwalba a famfonsa.

Wata Alhamis da la'asar sakatariyar sashe ta leƙo da gudu. An bugo waya daga asibiti, matar Dokta tana kan gwiwa, kuma abin ya zo da gardama. Cikinta na fari ne. Dokta ya saki abin da ke hannunsa, ya ɗauki makullin babur, har ya kai ƙofa ya juyo.

"Yallaɓai, ka kula min da baƙona."

Ya fita. A kan teburinsa ga ɗan farin kaskon tangaran, da ruwa kamar cokali biyu a ciki, an ɗora masa ɗan faifan gilashi a sama.

Kaka ya ce min tunda yake aiki bai taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba. Wata bakwai ana ce masa bar su, yau an ba shi amana. Da aka tashi ya tsaya gaban kaskon yana tunani. Gobe ɗalibai arba'in za su cika ɗakin, masu shara za su zo da tsintsiya, ga taga ɗaya ba ta rufuwa da kyau. Baƙo ba a barinsa a tsakar gida. Ga shi kuma a farin kasko. Ya ɗauko desiketar da ta fi kowacce kyau, wadda ya sake wa gari a farkon makon, ya cire faifan gilashin, ya sa kaskon a ciki da hannu biyu, ya shafa wa murfin mai, ya zame shi ya rufe.

Kullum sai ya duba. Har ranar Asabar, da babu aiki, ya taka ya je. Ya ga ruwan yana ja baya, ya ga wasu fararen ƙwayoyi kamar gishiri suna fitowa a gindin kaskon. Ya ce a ransa Dokta zai ji daɗi.

Talata da sassafe Dokta ya dawo, babu kowa a ɗakin sai su biyu. Fuskarsa kamar an ba shi duniya.

"Mace ce, Yallaɓai! Ranar Juma'a. Uwar ta sha wuya amma ta tashi. Hancina ta ɗauko, Allah ya kyauta."

"Allah ya raya. Hancin ma za ta girma ta cika shi."

Suka yi dariya. Dokta ya sa rigar aiki, ya dubi teburinsa.

"Ina baƙona?"

"Na sauke shi a ɗakin alfarma," in ji Kaka, ya nuna desiketar da haɓa.

Dokta ya matsa, ya sunkuya, bai taɓa ba. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe, dariyar ba ta nan. Muryarsa ta yi ƙasa, kamar wanda ke magana kusa da jariri mai barci.

"Yallaɓai, taimake ni da ruwa a bokiti. Daga famfon bayan gini."

"Ga famfo shida a nan, Dokta."

"Na bayan gini nake so. Duk wanda ka gani a baranda ka ce ya dakata. Kuma kar ka buga ƙofa."

Kaka ya ɗauki bokiti ya fita, ransa ba daɗi. Ruwan ya kai rabin bokitin ya ji ƙarar. Ya ce ba wata babbar ƙara ba ce, kamar an buga ƙofar ƙarfe, sannan aka zubar da tiren kofuna. Ya tarar da Dokta a ƙasa, hannu biyu a kan fuska, jini na bi ta tsakanin yatsunsa. Kusa da shi ga 'yar gorar roba mai dogon baki, irin wadda ake fesa tataccen ruwa da ita.

Idanun biyu duka suka tafi. Kwana huɗu ya ga fuskar 'yarsa.

Aka kafa kwamiti na manyan malamai uku. Suka tattara gilashin, suka gwada, suka goge tebur suka gwada abin da suka goge. Ba su samu komai ba sai gilashi da garin desiketa. Dokta kuma daga gadon asibiti ya aiko da cewa laifinsa ne, shi ya buɗe tukunyar da gaggawa. Aka rubuta cewa tsohuwar tukunya ce mai tsaga, aka rufe magana. Sunan Kaka bai fito a takardar ba ko sau ɗaya.

Ya je asibiti rana ta shida. An naɗe kan Dokta da bandeji, baki da hanci kawai ake gani. Kaka ya tsuguna gefen gado, ya kasa gaisuwa.

"Warin sabulun nan na Yallaɓai ne," in ji Dokta.

"Dokta, ni ne?"

Hannun Dokta ya lalubo ya samu kafaɗarsa.

"Yallaɓai, kai aikinka ka yi."

Bayan wata ɗaya danginsa suka zo suka tafi da shi da matarsa da jaririyar, can nesa. Kwalbar da ta rage a kabad aka zo aka kawar da ita, babu wanda ya sake aiki da irinta a sashen. Shekara goma sha biyu bayan haka wani malami ya faɗa a baranda, cikin wata hira daban, cewa ai Dokta ya rasu tun bara.

Kai aikinka ka yi. Kaka ya juya maganar nan ta kowace fuska. Wata rana ta zama "babu ruwanka". Wata rana ta zama "aikinka ne ya jawo". Ya gwada tambayar malamai. Ɗaya ya ce ba fanninsa ba ne. Ɗaya ya ce ai kwamiti ya gama magana. Wani ya dafa shi yana murmushi: "Baba Tsaf, kai da wankin kwalba, me ya kai ka wannan zurfi?" Daga nan ya daina. Ya ci gaba da wanki har ya yi ritaya. Yana sa fararen kasake a desiketa kamar da, domin aikinsa ne, sai dai ba ya sa ko ɗaya sai ya nemo mai shi ya tambaya. Malamai suka ce tsufa ne ya fara kama shi.

A gidan Kaka na girma. Bayan kowace salla, in ya gama addu'o'insa, sai ya ƙara da guda ɗaya a hankali: "Allah, in ni ne, ka yafe min." Sau biyar a rana. Ina ƙarama na ɗauka cikin salla take, har na taɓa faɗinta ni ma, Iya ta make min baki.

Ban san ko ni na zaɓi kemistiri ko shi ya zaɓar min ba. Ranar da takardar shiga jami'a ta zo, ya kira ni bakin famfon tsakar gida, yana wanke kofuna ina gogewa, ya ba ni labarin nan daga farko har ƙarshe, bai dube ni ba. Da ya gama ya karɓi kofin da na goge ya ɗaga shi wajen haske, ya sake gogewa.

"In kun kai wurin baƙo a karatunku, ki zo ki gaya min. Ba na son a lallashe ni. So nake in sani kafin in je in tarar da Dokta."

Daga ranar ya sa min Farfesa. Duk hutun da na dawo, kafin in ajiye jaka: "Farfesa, kun kai wurin baƙo?"

"Ba mu kai ba tukuna, Kaka."

Shekara biyu gaskiya nake faɗa. A ta uku na same shi a laburare, cikin wani littafi mai kauri da ba a cika ara ba. Rabin shafi ne kawai. Zenon ɗaya da oksijin uku. In yana cikin ruwa asid ne, ana ce masa zenik asid, ba launi ba kamanni, kuma yana zaune lafiya. In ruwan ya ƙafe sai ya bar fararen ƙwayoyi, waɗanda gogayya kaɗan ko girgiza kaɗan ta ishe su su tarwatse. In sun tarwatse sai su koma zenon da oksijin, iska biyu, babu abin da zai saura a gwada. Ƙwayoyin suna janyo danshin iska da kansu su narke, saboda haka ba su cika bushewa ƙayau ba sai a wurin da aka hana danshi shiga. Akwai ɗan'uwansa mai oksijin huɗu, wanda ko cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara ba a amince masa. A ƙasan shafin an ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya: kada a bari ya bushe.

Na karanta sau uku, na mayar da littafin inda yake.

Iya na fara gaya wa, a kicin, tana yanka albasa. Ba ta ɗago ba.

"Sai da kika shekara uku a jami'a kika gano wannan? Ni tun ranar da ya dawo da jini a riga na sani."

"To shi fa?"

"Shi ma zuciyarsa ta gaya masa. Amma zato daban, sani daban. Zato yana barin mutum ya ci abinci. Ki rufe min bakinki, kin ji ko? Ba ki ga ƙafafunsa sun fara kumbura ba?"

Na rufe. Hutu ya zo, tambaya ta zo, na ce ba mu kai ba tukuna.

"Wannan jami'a taku a ƙafa kuke tafiya?" in ji shi. "Ko baƙon ne ya yi ƙaura?"

Na yi dariya, shi ma ya yi. Haka muka yi shekara biyu. Ranar da na gama ya sa babbar rigarsa, ya riƙe takardar shaidata ta gefe-gefe don kar yatsa ya ɓata ta, ya sa min albarka. Bai yi tambayar ba. Bai kuma sake yin ta ba a watannin da suka biyo. Addu'ar ce kawai ba ta canza ba, ina jin ta ta bangon ɗakina, sau biyar.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi. Ya kai ba ya iya fita tsakar gida, salla ma a zaune. Wata rana da hantsi na kai masa shayi. Ya sha rabi, ya ce in ɗauraye kofin in kawo masa da tsumma. Ya gwada gogewa, kofin ya zame kan bargo. Na ɗauka na goge.

"Ɗaga shi wajen taga."

Na ɗaga. Ya kanne ido ɗaya.

"Da saura a gindi."

Na sake gogewa. Ya mayar da kansa kan matashi, yana kallon rufi.

"Farfesa. Har kuka gama ba ku kai ba?"

Iya tana bakin ƙofa da tsintsiya. Na ji tsintsiyar ta tsaya. Na dubi kofin da ke hannuna.

"Mun kai, Kaka. Tun ina aji uku."

"Na sani. Tun lokacin kika daina kallona in kina amsawa. To, bismilla."

Na gaya masa yadda yake a littafin, ban rage ba. Ya saurara kamar yadda yake sauraron sabon malami yana bayanin yadda za a wanke wani abu. Da na kai wurin fararen ƙwayoyi ya gyaɗa kai.

"Kamar gishiri."

"E."

"Da na bar shi kan tebur fa, da faifansa a sama?"

"Da bai bushe ba cikin kwana biyar. Ko ya fara, da ya sake jan danshi."

"Sai a desiketa."

"Sai a desiketa."

"Garin ciki sabo ne," ya ce a hankali. "Ranar Litinin na canza shi. Ita ce ta fi kowacce riƙe iska, shi ya sa na zaɓa masa ita."

Na ce babu wanda ya gaya masa. Na ce wata bakwai Dokta yana da damar faɗin kalma ɗaya bai faɗa ba, kuma bai kamata ya zuba abin a farin kasko ba, bai kamata ya tafi bai rubuta komai a jiki ba. Na ce duk wanda ya san ƙa'idar ɗakin nan abin da zai yi ke nan.

"Matarsa na kan gwiwa. Ke za ki tsaya rubutu?" Ya ɗaga hannunsa ya duba, rawayan farcen nan. "Kar ki yi min aikin kwamiti, Farfesa. Wannan hannun ne ya ɗauka ya sa."

A waje wani yana ta buga hon. Fuskarsa ba ta canza ba, har na fara tunanin Iya ta yi gaskiya, babu abin da na ba shi sai nauyi. Can ya juyo.

"Saura ɗaya. Ruwan fa? Famfo shida a ɗakin, ya tura ni bayan gini. Akwai wani abu a littafin game da ruwan bayan gini?"

"Babu."

"To fushi ya yi. Ya ga abin da na yi, ya kasa kallona, ya kore ni."

"Ba ka ce gorar fesa ruwa tana kusa da shi ba?"

"Tana nan."

"Ruwan da yake buƙata ke nan, Kaka, yana hannunsa. So ya yi ya zame murfin a hankali ya jiƙa ƙwayoyin kafin ɗalibai su shigo. Ya san abin zai iya tashi. Bokitin ba don ruwa ba ne. Fitar da kai ya yi."

Ya dube ni. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne ƙanin mahaifiyata. Suka gangaro ta gefen ido suka shiga kunnensa, bai share ba.

"Kar ka buga ƙofa," ya ce. "Shekara arba'in ina jin haushin aiken nan. Na ce ya mayar da ni ɗan ɗibar ruwa."

Iya ta jingina tsintsiyar da bango, ta shigo ta zauna bakin gado, ta ba ni baya. Ta ɗauki tsumman kofin ta goge masa fuska, abin da a da ba zai taɓa yarda ba. Na fita.

Da azahar na kawo masa ruwan alwala, na tsaya a baranda har ya idar. Ya yi addu'o'insa na kullum. Sannan ya daɗe a zaune, har na ɗauka barci ya ɗauke shi.

"Allah, ni ne," ya ce. "Ka yafe min. Ka haskaka kabarin Dokta."

Kwana biyu Iya ba ta yi min magana ba. Abincinsa ya ragu, kamar yadda ta faɗa. Amma ya sa na nemo masa takarda da biro, ya faɗa na rubuta wasiƙa zuwa ga 'yar Dokta, wadda yanzu ta kai shekara arba'in, wadda ba mu san sunanta ba balle inda take. Layi shida ce. Ya ba ta labarin hancin, da bokitin, ya ce shi ne, ya roƙe ta gafara. Na je sashen na tambaya, na buga waya wurare uku, babu wanda ya san inda iyalin suka koma. Wasiƙar tana cikin jakata har yanzu.

Kwana goma sha tara ya yi bayan wannan hantsin. Ya rasu ranar Laraba, rana tsaka, Iya na riƙe da hannunsa. Har yau ba ta ce na kyauta ba, ba ta kuma ce ban kyauta ba. Abin da na sani shi ne, a kwana goma sha taran nan ina jin sa ta bango, sau biyar a rana, kuma ban sake jin "in" ɗin ba ko sau ɗaya.